Tun da sanyin safiya ake duba tsohuwar mota

Motar Toyota Corolla ce ta 2003, mai ƙofa biyar, injin esans 1.6 VVT-i, buwat ta hannu. Ɗan yayata ne ya gan ta wajen wani dillali a nan Yamai, yana son ta don zirga-zirga zuwa Tawa inda aka tura shi aiki, tafiyar kilomita wajen 550 ta Doso da Dogon Dutsi da Ƙwanni. An ce shekararta huɗu da shigowa daga Turai, mutum guda ne ya hau ta a nan, kontar kuma, wato ma'aunin tafiyar da mota ta yi, tana nuna kilomita 148,000. Kuɗin da aka yanka mata miliyan uku da rabi na sefa. Abin da nake nema a irin wannan mota guda ne kafin komai: shin ta taɓa tafasa, kuma za ta tafasa a hannun mai saye? A ƙasar da zafi ke kai digiri 45 a watan Afrilu da Mayu, wannan ne ke kashe tsohuwar mota. Sauran abubuwa galibi maganar ciniki ce.

Tun da maraice na gindaya sharaɗi ta waya: kada kowa ya tada ta, kada a wanke ta, za mu zo ƙarfe bakwai na safe, amsa kuma sai bayan azahar. Inji mai zafi yana rufa wa kansa asiri. Hayaƙi ya ragu, ƙara ta kwanta, batir mai rauni ya tada mota kamar sabo. Da isarmu, kafin a gama gaisawa, na ɗaga kapo na ɗora bayan hannu a kan inji da tiyon ruwa na sama. Sanyi ƙalau. Da na ji ɗumi, komai ƙanƙantarsa, da sai gobe.

Takardu na fara karɓa, don mota mai lafiya da takardun banza ƙarfe ce kawai a ƙofar gida. Lambar shasi harafi da lamba 17 ce, babu I ko O ko Q a cikinta. Na karanta wadda ke kan kart giriz, takardar mallakar mota, ɗaya bayan ɗaya, yaron yana bi da yatsa a kan wadda aka buga a jikin ƙarfe. A Toyota na wannan zamani ana samun ta ko dai a bangon da ya raba inji da cikin mota, ko a ƙasa, ƙarƙashin kujerar gaba ta dama. Ba karantawa kaɗai ba, ana shafa wurin: in akwai alamar walda kewaye da lambar, ko an kankare, ko haruffan ba su daidaita a layi ba, magana ta ƙare. Ta wannan ta fara da SB1, wato ƙirar Ingila. JT Japan ce, NMT Turkiyya. Dillali ya riga ya ce mana "ƴar Japan ce zalla", to ka ji ta farko. Ba aibi ba ne a ƙera Corolla a Ingila, amma ka san da wa kake magana. Sai takardar duwan, wadda ke nuna an biya kuɗin shigowa don a yi amfani da ita a Nijar. Motoci da yawa sun shigo ƙasar nan da sunan wucewa zuwa Najeriya, wasu kuma ba su wuce ba. Sunan da ke kan kart giriz dole ya zama na wanda zai sa hannu a takardar sayarwa, da katinsa a hannu, ba "na yayana ne yana Agadas" ba. Asirans da binyat ta haraji da bizit ta gwajin lafiyar mota na duba ranar ƙarewarsu kawai, don abin da ya ƙare kuɗi ne a kan mai saye.

Jiki ana duba shi da hasken safiya, mutum ya tsuguna a kusurwar gaba ya bi gefen mota da ido har baya. Inda tolye, mai gyaran jikin mota, ya yi aiki, haske yana karyewa. Na naɗe ɗan maganaɗisu a ƙyalle na bi ƙofofi da fukafukai, wato ƙarafan jiki na saman tayoyi, da shi: a ƙarfe yana kamawa, a kan mastik mai kauri da ake cike loɓa da shi yana saki. Fiffiken gaba na hagu ya saki a wuri kamar faɗin tafi. Kusoshin da ke riƙe da shi fentinsu ya fashe, an taɓa kwance su ke nan, akwai kuma feshin fenti a kan robar gilas. Wannan bai dame ni ba, motar da ta yi shekara huɗu tana gogayya da kabu-kabu da tasi a Yamai ba za ta rasa tabo ba. Abin dubawa shi ne ko bugun ya shige ciki. Na haska fitila a kan dogayen ƙarafa biyu da ke ɗauke da inji, lonjoro, daga bayan fitilun gaba har bango. Na dama da na hagu kamarsu ɗaya, babu lanƙwasa, babu walda, mannen kamfani yana nan yadda yake. A kofur na ɗaga tayar sakur na duba ramin, shi ma a miƙe. Motar da lonjoronta ya taɓa lanƙwashewa za ta ci taya har abada, ko wane gwani ne ya ja ta.

Tsatsa iri biyu ce a motocinmu. Akwai wadda ta zo da ita daga Turai, inda ake watsa gishiri a hanya lokacin ƙanƙara, tana cin ƙasan mota da gefen ƙofofi daga ciki. Akwai kuma ta ruwa. Bayan ambaliyar 2020 da ta cinye Lamorde da Kirkisoy, da ta 2024, motoci da yawa sun kwana cikin ruwa, an shanya su an sayar. Na ɗaga kafet ta gefen ƙafar direba na cusa hannu ƙasa, na shinshina. Na duba ƙarafan da kujera ke gudu a kai. Na ja bel ɗin kujera har ƙarshensa, don mai wanke mota ba ya kai wa nan, kuma laka na barin zane. Na cire wata mahaɗar waya a ƙarƙashin tablo na duba ko haƙoranta sun yi kore. Babu ko ɗaya. Motar ruwa ba ta mutuwa rana guda, kashi-kashi take yi: yau gilas, gobe fitila, jibi ta ƙi tashi a tsakiyar daji.

Kontar kuwa ban taɓa ɗaukar ta a matsayin shaida ba. Mota mai shekara sama da ashirin da kilomita 148,000 tana nufin wajen 7,000 a shekara, kamar dai tsohuwa ce ke zuwa kasuwa da ita. Robar fedar ambiriyaj ta cinye har ƙarfe ya leƙo ta gefe, sitiyari ya yi sulɓi kamar tuwon ƙasa da aka shafe, gefen kujerar direba ya kwanta. Ido ba mudu ba ne amma ya san kima. A jikin ginshiƙin ƙofar direba, can ƙasa, akwai wata ƴar takarda manne ta garejin Turai, ta koɗe amma tana karantuwa: bidanj, wato canjin man inji, a kilomita 214,000, shekarar 2016. Na nuna wa dillali. Ya ce, "Wallahi maigida haka ta zo." Mai yiwuwa gaskiyarsa, don sau da yawa tun kafin mota ta bar bakin teku ake mayar da ita baya. Na ɗauka kawai cewa motar ta haura 300,000, na ci gaba da duba ta a kan haka. Wannan inji yana iya kai wa nan lafiya in an kula da shi.

Yanzu inji, yana nan a sanye. Na buɗe murfin radiyater, wanda ƴan Najeriya ke ce wa lagireto. Abin da ya kamata a gani ruwa ne ja ko ruwan hoda, garai-garai. Abin da na gani ruwan pompo ne mai launin shayi, da tsatsa a wuyan. An daɗe ana ƙara mata ruwan banza ke nan. Ruwan pompo ko na rijiya yana barin ƙasa a cikin siraran bututun radiyater, yana cin fukafukan pompon ruwa, yana kuma saurin tafasa. Mai dai bai yi iyo a samansa ba, wannan shi ne muhimmi. Robar murfin ta tsattsage, murfin da ba ya riƙe matsi kuwa shi kaɗai ya isa ya sa mota ta riƙa zubar da ruwa a tafiya mai nisa. Saman radiyater ɗin roba ne, ya tashi daga baƙi ya koma ruwan ƙasa, an kuma like wani tsagi da gam kusa da bakin tiyo. Na matsa tiyoyin da hannu: na sama ya yi laushi kamar dafaffen rogo.

Na zaro sandar gwajin mai, na goge, na mayar, na sake zarowa. Mai yana tsakanin alamomi biyu, baƙi amma ba kamar kwalta ba. Na murza shi tsakanin yatsu biyu. Abin da nake nema kauri ne fiye da kima, don mai sayarwa kan zuba mai mai nauyi ko wani sinadari mai danƙo kamar zuma don ya danne hayaƙi da ƙara na ƴan kwanaki. Na shinshina ko akwai warin esans. Na buɗe murfin zuba mai na juya shi: in ka ga abu fari-fari kamar kindirmo, ruwa na haɗuwa da mai. A Turai gajerun tafiye-tafiye cikin sanyi kan kawo shi ba tare da wata cuta ba, amma motar da ta yi shekara huɗu a Yamai ba ta da wannan uzuri. Murfin tsaf yake. Na haska fitila ta ramin: ƙarfen ciki launin zuma mai duhu, babu dunƙulen baƙin datti. Mai ita yana yin bidanj, ko da ba kan lokaci ba. Na kuma bi kewayen kulas, wato kan inji da ke rufe silinda, da fitila ina neman alamar an taɓa buɗe ta, wato silikon da ya tsattso ta gefe, ko kan kusoshi da makulli ya ci, ko ƙananan maƙalan waya da suka ɓace. Ban gani ba. Injin yana da ƙura irin ta gaskiya, abin da ya fi kwantar mini da hankali a kan wanda aka wanke yana ƙyalli.

Batir kafin tadawa ya nuna bolt 12.3. Cikakke 12.6 ne, don haka ya fara gajiya. Na murɗa makulli ba tare da na tada ba, na tsaya ina ƙirga fitilun tablo. Ta inji, ta mai, ta batir, ta ABS, ta erbag, dukansu sai sun kama. Ta ABS da ta erbag su mutu da kansu bayan ƴan daƙiƙu, kowace da lokacinta, sauran ukun kuma sai inji ya tashi. In wata ba ta kama ba sam, an cire ƙwanta ne ko an like ta da baƙin tef. In kuwa dukansu suka mutu tare a daidai lokacin da ta mai ta mutu, an haɗa wayarsu wuri guda. Duka sun yi daidai. Amma a nan na ji abin da nake tsoro: fankar radiyater ta kama gudu tun daga murɗa makulli, inji a sanye. An haɗa ta kai tsaye.

Wannan ɗabi'a ta makanikanmu tana da abokiyar tafiya, cire tarmosta. Hujjarsu ita ce an yi ta don ƙasar sanyi. Ba haka ba ne. Tarmosta tana riƙe ruwa a cikin inji har ya kai wajen digiri 82, sannan ta buɗe, fanka kuma ta kama da kanta a wajen 95. In an cire, inji ya daɗe bai kai zafin aikinsa ba, kwamfutar mota ta yi ta ƙara masa esans, buji su yi baƙi, man inji ya tsinke. Abin da ya fi damuna shi ne dalili. Ba a cika cire tarmosta a mota mai lafiya ba, sai ranar da allura ta hau. To ranar nan, yaya nisan hawan? Injin nan daga kulas har gangar jiki alminiyom ne, in ya tafasa sosai kulas na karkacewa, juwan da ke like tsakaninta da gangar jiki ya ƙone.

Na bar radiyater a buɗe, cike har wuya, na tsayar da yaron a bayan mota ya zuba wa bututun hayaƙi ido, na tada. Ta kama a bugu ɗaya. An ji ɗan kar-kar na daƙiƙa guda ta gefen sarƙar da ke haɗa juyin ƙasan inji da na sama sannan ya ɗauke, abin da aka saba ji kafin mai ya hau. In ya daɗe, ko yana dawowa in an taka, to sarƙa ko abin ɗaure ta ko kan VVT-i ne. Wannan inji sarƙa gare shi, ba kuruwa ba, wato bel na roba mai yin aikin sarƙar. Tsofaffin Corolla masu injin 4A-FE da 4E-FE, da na mazut 2.0 D-4D, su ke da kuruwa, ana canza ta a wajen kilomita 100,000, kuma in ba ka ga shaidar canji ba ka ɗauka ba a yi ba. Yaron ya ce, "Kawu, ɗan shuɗi ya fito sau guda, ya tsaya." Shuɗi mai ne, baƙi esans ne ya yi yawa, fari mai kauri da ba ya tsayawa kuma ruwa ne.

Minti goma na yi a tsaye kan wuyan radiyater. Ruwan ya fara kewayawa nan take, radiyater kuma ya ɗumama a hankali tare da inji, maimakon ya zauna da sanyi sannan ya ɗau zafi lokaci guda. Tarmosta babu ke nan, tabbas. Na sa aka taka har inji ya kai juyi 2,500 a minti aka riƙe. Kumfa ɗaya biyu na iskar da ta maƙale ba komai ba ne. Wadda ke kashe ciniki ita ce mai fitowa jere ba tsayawa, tana ƙaruwa in an taka, wani lokaci da warin hayaƙi: wutar silinda ce ke ratsa juwan kulas ta shiga ruwa. Satin da ya gabace shi mun bar wata Avensis mai kyan ɗan maciji a daidai wannan gaɓa, ko zagaye ba mu yi da ita ba. A wannan kuwa ruwan ya kwanta lumui. Na rufe murfi, na jira, na matsa tiyo: ya yi tauri a hankali yadda ya dace, ba kamar tayar keke cikin minti ɗaya ba. Gudun inji ya sauka ya tsaya wajen 700 ba rawa. Caji 14.1, daidai, tunda tsakanin 13.8 da 14.5 ake so.

Daga nan muka kai ta gareji. Na jona baliz, na'urar karanta kwamfutar mota, a soket mai haƙori 16 da ke ƙarƙashin sitiyari. Motocin esans na Turai tun daga 2001 duk suna da shi. Lambar matsala ba ta fito ba, amma wannan kaɗai ba hujja ba ce, don minti ɗaya ya isa a goge. Sai ka shiga inda kwamfutar ke nuna gwaje-gwajen da ta kammala da kanta. In rabinsu na cewa ba a gama ba, kwanan nan aka goge ko aka cire kan batir. Nata sun kammala. Ƙarin esans na dogon lokaci, wanda kwamfuta ke yi don ta daidaita shi da iska, ya nuna kashi 9 cikin ɗari, ya kusa iyaka. Na zaro debimetir, mai auna iskar da ke shiga inji, da ke bayan filtir ɗin iska, na tarar ƙurar hunturu ta lulluɓe siririyar wayarsa. Feshi ne maganinsa, ba saye ba. Filtir ɗin kansa ya sha busa da iska har ya huje a lungu guda.

Na cire bobin huɗu da makulli 10, buji da 16, na jera su a kan kwali yadda suka fito. Dukansu baƙi-baƙi a bushe, alamar rashin tarmosta. Wanda ake tsoro shi ne guda ɗaya ya fito fari tas a cikin ƴan uwansa, tururi ne ya wanke shi. Sai gwajin kompiresiyo, wato matsin da ke cikin kowace silinda, inji da zafi, an cire fiz ɗin esans, an take totur har ƙasa. Na samu 12.5, 12, 12.5, 12.5. Littafin wannan inji yana son 13, kada ya gaza 10, bambanci tsakanin silinda kuma kada ya wuce 1. In guda ya faɗi, ana zuba masa cokalin mai a sake gwadawa: ya hau, sagma ne, wato zoben fistan, bai hau ba, supap ne, masu buɗe wa iska da hayaƙi hanya. Biyu maƙwabta su faɗi tare, juwan ya ƙone a tsakaninsu. Sai dai akwai wani abu game da injinan wannan dangi na kafin wajen 2005: sagman da ke share mai yana maƙalewa, mota ta riƙa shan mai alhali kompiresiyo lafiya lau. Wannan a kan hanya ake kama shi.

A kan rami abin ya tafi da sauri. Sufule, robar da ke rufe gaɓar kardan mai juya taya, na dama ya yage, maiƙo ya fantsama kewaye, ƙasa ta shiga. Amortisar na baya duka biyu sun jiƙe da mai. Na kama kowace tayar gaba sama da ƙasa na girgiza, sannan dama da hagu: rotil, gaɓar da ke haɗa sitiyari da taya, na hagu yana da ɗan wasa. Tsakanin inji da buwat a bushe, kwanon mai ya ɗan loɓa amma ba ya ɗiga. Na bubbuga ƙarfen ƙasa na baya da kan sukudireba, tsatsar sama ce kawai, bai burma ba. Katalizar, mai tace hayaƙi a jikin bututunsa, na nan da waldar kamfani. Ana yawan yanke shi a sayar a mayar da bututu fanko, sabuwar walda a wurin ita ke tona asiri. Plaket ɗin birki na gaba saura kamar milimita 4. Tayoyi kuwa huɗu iri uku. Kowace taya tana da lamba huɗu a gefe, sati da shekara: 2318 na nufin sati na 23 a 2018. Biyu sun haura shekara shida, guda kuma tana da hoton ƙanƙara a jiki, tayar sanyi ce ta Turai. Robarta laushi gare ta, ba a yi ta don gudron Ƙwanni da tsakar rana ba. Zanenta na da kyau, shi ke ruɗin mutane.

Gwajin hanya na ajiye shi sai ƙarfe ɗaya, rana na tsaka, mu huɗu a ciki, kilim a kunne. Kafin mu fita na mayar da fanka kan wayarta ta asali, don in ga gaskiyar motar. Muka fara da cunkoson cikin gari, muka haye gadar Kennedy muka dawo, sannan muka miƙi hanyar Doso. A fili na murɗe sitiyari har ƙarshe na zagaya a hankali: ƙas-ƙas-ƙas daga dama, kardan ɗin ya riga ya tafi, ba sufule kaɗai ba. A gudun 40 na sa buwat a lamba huɗu na take har ƙasa. In allurar inji ta tashi mota ba ta bi ta ba, ambiriyaj na zamewa. Ta ja a hankali ba zamewa, ko da yake feda tana kamawa can sama, ambiriyaj ya tsufa ke nan amma bai ƙare ba. Daga uku zuwa biyu da sauri ba ta yi gurnani ba. A miƙaƙƙen wuri na sassauta hannu, ta tafi sak. Birki mai ƙarfi a 60, ba ta ja gefe ba, feda ba ta yi rawa ba. A 100 babu kaɗawa, babu kukan rulma. Mai duba otomatik a nan zai tsaya ya zaro sandar man buwat: ja ake so, ba baƙi mai ƙauri ba, kuma daga D zuwa R kada ta yi jinkiri ko ta yi harbi.

Don shan mai, na kai ta 90 a lamba uku, na ɗauke ƙafa gaba ɗaya na bar inji ya riƙe ta har ta sauko 40, sannan na take. Apranti na bin mu a babur. Ya ce shuɗi ya fito, ɗan kaɗan, ya watse. Tana sha, amma ba ta kai ga buɗe inji ba.

Gwaji na ƙarshe shi ne wanda dillalai suka fi ƙi. Muka tsaya a rana, ba inuwa, inji na aiki, kilim a ƙarshe, minti ashirin, baliz a jone. Allurar tablo ba abin dogaro ba ce, tana zama a tsakiya ko da zafi na hawa, sai ya yi nisa take motsi. Baliz ya nuna digiri 92, 96, 99, ya kai 103 fanka na gudu, yana saukowa da ƙyar. Na shafa fuskar radiyater bayan mun kashe: gefe da zafi, tsakiya da sanyi-sanyi, bututun tsakiya sun toshe. Wannan ne dalilin cire tarmosta, kuma dalili ne mai arha. Na shimfiɗa kwali a ƙasa muka je salla. Da muka dawo babu ɗigo, ta kuma tashi a bugu ɗaya da zafinta.

Na ce wa yaron ya saya, bisa lissafi. Na rubuta a takarda gaban dillali: radiyater sabo da murfi da tiyoyi biyu, tarmosta, pompon ruwa, likid na radiyater wajen lita 6, kardan na dama, rotil, amortisar biyu, taya huɗu, batir, buji, filtir, bidanj lita 3.7. Duk kayan nan ana samun su a Katako da shagunan gari, ana kuma samun su a Ƙwanni da Tawa, abin da ya sa na fi yarda da tsohuwar Corolla a kan mota mai kyau wadda sai an aika Lome neman kayanta. Tun da aka rufe iyaka da Benin a 2023 wannan lissafi ya ƙara nauyi. Dillali ya ce, "Haba maigida, ai ka kashe ni." Aka yi ta ja, aka kira mai ita a waya, aka tsaya a miliyan uku da jikka hamsin. Ba a ba da ko dala ba sai washegari, da mai kart giriz ya zo da kansa aka sa hannu aka buga hatimi a hukuma.

Kwana uku ta yi a gareji. Da aka buɗe pompon ruwa, fukafukansa tsatsa ta cinye kusan rabi. Bayan gyara na maimaita gwajin tsayuwa a rana, ta tsaya tsakanin 90 da 96, fanka na kamawa tana saki da kanta. Na ce ya duba mai a Doso, ya sake dubawa a Ƙwanni, mota a wuri mai daidai, minti biyar bayan kashewa, ya kuma riƙa rubuta kontar duk ranar da ya ƙara. Lissafin wata biyu ya nuna tana shan wajen rabin lita a kilomita 1,500. Galan ɗin lita guda yana zaune a kofur, kusa da tayar sakur.